Yadda Ake Sayen Hoton Jirgin Yaƙi Mai Sa Hannun Matuƙan Yaƙin Duniya Na Biyu, Daga Bincike Har Rataye Shi A Bango

Tambayar nan ta yi yawa, wai ta ina ake bi a sayi irin hotunan nan na zanen jiragen yaƙi waɗanda matuƙan da suka yi yaƙin da kansu suka sa wa hannu, nawa suke, kuma ya mutum zai gane na gaske daga jabu. To ga shi nan na jera matakan yadda ya kamata a bi su. Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu, takardar da fentin ba su ne masu tsada ba, sa hannun nan na fensir da ke ƙasa shi kake saya, kuma masu sa hannun kusan duk sun rasu. John Hemingway, wanda shi ne na ƙarshe cikin matuƙan da suka kare sararin Birtaniya a 1940, ya rasu a watan Maris na 2025 yana da shekara 105, Bud Anderson na Amurka ya rasu a 2024. Kenan da wuya a ƙara samun sabon sa hannu, sai dai wanda yake ƙasa ya riƙa canza hannu, shi ya sa 'yan damfara suka shigo harkar.

1. Zaɓi ɓangare ɗaya kafin ka buɗe jaka

Kada ka shiga kasuwar nan da niyyar duk abin da ya burge ka ka saya, kuɗinka zai ƙare ba ka tara komai mai ma'ana ba. Ka zaɓi layi ɗaya. Wani jirgi yake bi, Spitfire ko Hurricane ko Mustang ko Messerschmitt 109. Wani matuƙi ɗaya yake so. Wani kuma fagen daga, kamar yaƙin sararin Birtaniya ko na hamadar Arewacin Afirka. Ni na hamadar nake ba mutanenmu shawara su fara dubawa, saboda daga 1940 jiragen Hurricane da yawa a Takoradi ta Gana ake haɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har Alkahira, to in ka rataye irin wannan a falo kana da labarin da ya taɓa ƙasarka da za ka ba baƙo.

Masu zanen da sunansu ya fi riƙe daraja sun haɗa da Robert Taylor da Nicolas Trudgian da Gerald Coulson a Ingila, sai William Phillips a Amurka. Kamfanin Military Gallery shi ya buga mafi yawan ayyukan Taylor.

Hattara: hotunan matuƙan Jamus kamar Adolf Galland da Erich Hartmann da Günther Rall suna da kasuwa sosai, amma ka sani gwamnatin Nazi suka yi wa yaƙi, kuma wasu jiragen akwai alamar Nazi a wutsiyarsu. Ka yi tunani ko kana son wannan a gidanka. In kuma gidanku ba a rataye hoton mutum, ka duba da kyau, wasu zanen akwai sojoji a tsaye kusa da jirgin, wasu kuma jirgi ne kawai da gajimare.

2. Koyi karanta farin gefen takardar

Duk bayanin da kake buƙata yana farin wurin nan da ke ƙarƙashin zanen. Za ka ga lamba da fensir kamar 125/850, wato wannan shi ne na 125 cikin kwafi 850 da aka buga. Lamba ta biyun, wato adadin da aka buga, ita ta fi muhimmanci, in adadin ya yi kaɗan ya fi wuyar samu. Mutane suna rububin lamba ta 1 ko ta 2 amma gaskiya a bugun inji na farko da na ƙarshe duk ɗaya suke, kada ka ƙara kuɗi mai yawa a kan wannan.

In ka ga A/P, kwafin da aka ware wa mai zanen ne, ba su da yawa kuma sukan ɗan fi tsada. Akwai wanda suke kira remarque, shi ne mai zanen ya ɗauki fensir ya zana ɗan ƙaramin jirgi da hannunsa a gefen takardar, wannan ya fi sauran daraja don babu biyu iri ɗaya. Sannan zane ɗaya yakan fito kashi-kashi, wani kashi matuƙa 3 suka sa hannu, wani 10, wani fiye da haka, kowanne da sunansa da farashinsa. A nan ake cutar sababbin shiga, a nuna maka farashin mai hannu 10 a sayar maka da mai hannu 3. Ka nemo bayanin kamfanin da ya buga, ka rubuta sunayen da ya kamata su kasance a kan kashin da ake tallata maka, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a hoton.

3. Gwada shekarar bugu da shekarar rasuwar matuƙin

Wannan binciken kyauta ne, minti kaɗan ne a waya, amma shi ya fi kama ƙarya. A can ƙasan takardar da ƙananan haruffa ana rubuta sunan kamfani da shekarar da aka buga. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko maka wurin kusa-kusa. Sai ka duba yaushe mai sa hannun ya bar duniya.

Douglas Bader ya rasu a Satumba 1982, Robert Stanford Tuck 1987, Hartmann 1993, Galland 1996, Saburo Sakai na Japan 2000, Johnnie Johnson 2001, Gabby Gabreski 2002, Rall 2009, Chuck Yeager 2020. Kenan in aka kawo maka hoton da aka buga a 1995 aka ce ga hannun Bader a jikin takardar, ba sai ka ƙara tambayar komai ba, ka wuce. Akwai tsohon bugun Spitfire na Taylor wanda Bader da Johnson suka sa wa hannu tare, wannan ya yiwu ne don an fitar da shi Bader yana raye.

Akwai kuma waɗanda ko zamanin wannan sana'ar ba su gani ba. Werner Mölders ya mutu a 1941, Hans-Joachim Marseille a 1942, Richard Bong wanda ya fi kowane matuƙin Amurka kakkaɓo jirage, 40, ya mutu a 1945. Za ka iya ganin an ce hoto yana ɗauke da hannunsu, abin da ake yi shi ne a yanko sa hannun daga tsohuwar wasiƙa ko takardar aiki a saka shi cikin 'yar taga a jikin kwalin firam. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya, manyan dillalai ma suna yi, sai dai yankakken sa hannu ya fi wuyar tabbatarwa tunda an raba shi da takardar da ta nuna asalinsa. In kai sabo ne bar shi tukuna.

4. Duba sa hannun kansa

Kayan aiki ba su da yawa: madubin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo ko 'yan gwal, tocila, da wayarka. In kayan yana ƙasar waje ba ka riƙe shi ba, to mai sayarwa ne zai yi maka aikin da bidiyo, in ya ƙi ka san akwai magana.

Kusan duk na ƙwarai da fensir ake sa hannu, domin fensir ba ya koɗewa kamar biro ko maka. Ka kashe fitila ka haska tocila daga gefe, ta kwanta kusan daidai da takardar. Fensir na gaske zai ɗan yi ƙyalli, kuma za ka ga inda bakinsa ya danna takardar ya bar kwarmi, wani wuri da ƙarfi wani wuri a hankali. Sa hannun da inji ya buga tare da zanen a kwance yake sumul, ba kwarmi, in ka sa madubi za ka ga ɗigo-ɗigo ƙanana maimakon layi ɗaya. Akwai kuma injin da ke riƙe alƙalami ya kwaikwayi hannu, shi nauyinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sau da yawa da ɗigo a inda ya fara da inda ya tsaya.

Daga nan ka nemo hoton wasu kwafi biyu ko uku na wannan bugun da amintattun dillalai suka taɓa sayarwa, ka jera su da naka. Ya kamata su yi kama amma kada su zama ɗaya sak. Ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya cif, in biyu suka hau kan juna babu bambanci ko kaɗan to kwafi ne. Ka lura da wurin da kowa ya sa nasa, a bugu ɗaya yawanci kowane matuƙi yana da wajen da yake sawa tunda zama ɗaya aka yi aka tura masa takardun. Kuma in ka ga mutum biyar duk kwanciyar rubutunsu da nauyin hannunsu iri ɗaya, akwai alamar mutum ɗaya ya rubuta duka.

Hattara: rawar hannu ba lallai alamar jabu ba ce. Da yawansu sun haura 80 lokacin da suka sa hannun. Rawar tsufa tana bin layin gaba ɗaya, ta mai kwaikwayo kuwa tsayawa ce da ci gaba, kamar mai zane a hankali yana kallon wani abu a gefe.

5. Satifiket da tarihin kayan

Bugu mai iyaka yana zuwa da satifiket daga kamfanin da ya buga shi. Ka tabbata lambar da ke satifiket ita ce ta jikin hoton, sunayen ma haka. Amma kada satifiket ya rufe maka ido, kowa mai firinta zai iya buga takarda mai hatimin zinare. Wanda yake da nauyi shi ne na kamfanin asali, ko rasit na sanannen shago irin su Aces High da ke Wendover a Ingila ko Cranston Fine Arts a Sikotilan. Na wani mutum da ya rubuta sunansa da kansa ba ya ƙara komai.

Ka tambayi mai sayarwa a ina ya samu, yaushe, ko yana da tsohon rasit. Tsofaffin hotuna da yawa satifiket ɗinsu ya ɓace, musamman kayan gado da 'ya'ya suka fitar, wannan bai sa su zama jabu ba, amma dalili ne na neman ragi. In kuɗin ya yi nauyi akwai kamfanonin tantance sa hannu a Amurka kamar PSA da JSA, ana biyansu daban.

6. Lafiyar takardar

Ka nemi hoton gaba da baya da kusurwoyi huɗu, a hasken rana ba da filasha ba. Abin da kake nema: ɗigo mai launin ruwan ƙasa kamar tsatsa wanda laima ke kawowa, shatin ruwa, lanƙwasa, yagewa, da koɗewa. Koɗewa tana da wayo, ja da rawaya su suke fara tafiya, sai ka ga hoton gaba ɗaya ya koma shuɗi-shuɗi ka ɗauka haka sararin yake. Ka gwada da hoton asali na kamfanin.

Wanda yake cikin firam ya fi haɗari don ba ka ganin abin da aka yi masa a baya. Tambayoyi biyu dole ne: an manna shi da gam a jikin katako ko kwali? An yanke gefensa don ya shiga firam? In amsar ɗaya daga ciki e ce, darajarsa ta faɗi warwas wajen masu tarawa, sai dai ka saya da arha don ado kawai.

7. Farashi da wurin saye

Wurare uku ne: shagunan da wannan ce sana'arsu, gidajen gwanjo, sai eBay, shafin saye da sayarwa na intanet. Shago ya fi tsada amma ya fi kwanciyar hankali, kuma in ka fara da shi za ka samu na gaske a hannu da za ka riƙa gwada wasu da shi nan gaba. Gwanjo a nan ake samun sauƙi don galibi kayan gado ne. eBay kuwa akwai gwal akwai gwangwani.

Kada ka duba abin da mutane suke nema, duba abin da aka biya. A eBay akwai wurin da kake tace sakamako ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar, gidajen gwanjo ma suna barin sakamakonsu na baya. Za ka tarar da yawa suna tashi daga gomman fam na Ingila zuwa 'yan ɗaruruwa, sai ƙalilan masu manyan sunaye da yawa ko zanen hannu a gefe su ne ke shiga dubbai. Duk wanda ya ce maka ka saya ka ajiye zai ninka nan da shekara biyu, kasuwarsa yake ci, da yawa a yau ana sayar da su ƙasa da kuɗin da aka saye su sababbi. Ka saya don kana so.

Hattara da lissafin gwanjo: abin da ka taya ba shi za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa, yawanci tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, wani lokaci da haraji a kan la'adar, in ta shafin intanet na wani kamfani ka taya shi ma ya ɗora nasa. Misali ka ci kaya a fam 100, la'ada kashi 25, ka koma 125 tun ba a naɗe shi ba, ga kuɗin naɗewa da aikowa wanda zuwa Najeriya ko Nijar zai iya kamo kuɗin hoton kansa, ga kwastan, ga canji. Ka haɗa duka a takarda, ka sa iyaka, in an wuce ta ka sake. Kuma ka tambaya tun kafin ranar ko suna aikawa ƙasarka, da yawa ba sa yi, sai ka nemi kamfanin ɗaukar kaya ko ɗan uwa a can.

8. Biyan kuɗi

Ka biya ta hanyar da za ka iya ƙorafi, kati ko PayPal a matsayin sayen kaya, wanda yake ba da damar shigar da ƙara cikin wa'adi. In mai sayarwa ya ce ka tura a matsayin kyauta ga aboki don a guje wa caji, ko ku fita daga shafin ku ƙarasa a WhatsApp, kada ka yarda, kariyarka ce yake so ya cire. Ka sa ya rubuta maka a saƙo cewa matuƙan da kansu suka sa hannu da fensir a jikin takardar, ka ajiye hoton tallan da duk hirarku.

9. Aikowa da buɗewa

Kada a aiko maka da gilas, zai fashe a hanya ya yanke hoton. A cire shi daga firam. Mafi kyau a shimfiɗe tsakanin kwalaye masu ƙarfi, in ya yi girma a naɗe shi cikin bututun kwali mai kauri wanda bakinsa ya kai santimita 10, da takarda mai laushi a fuskarsa, siririn bututu yana karya takarda. Ka biya inshora da lambar bibiya. In wani zai taho maka da shi a jirgi, ya riƙe a hannu, kada ya shiga ƙasan akwati tare da turare da man shafawa.

Da ya iso ka ɗauki bidiyo kana buɗewa. Wanke hannu ka busar, ka share tebur. Kada ka cusa yatsa ka fizgo shi, ka karkata bututun ya zamo da kansa. Ka bar shi ya saki jiki kwana ɗaya ko biyu, sannan ka shimfiɗa shi ka rufe da farar takarda mai tsabta ka ɗora littattafai. Kada ka naɗe shi ta baya don ya miƙe, kuma dutsen guga kada ya kusance shi.

10. Sa firam

A nan ne aka fi yin asara a wajenmu. Masu firam ɗinmu sun ƙware a hoton biki da na kalanda, inda ake shafa gam a manna a jikin filawud, wani ma ya yi maka laminatin don ya burge ka. Wallahi ko ɗaya aka yi wa hoton nan an gama da shi, ba ya gyaruwa. Kada ka ajiye ka tafi, ka tsaya a kansa, ka gaya masa tun farko ba gam, ba salatif, ba laminatin, ba almakashi, ba ƙusa ko sitefila kusa da takardar.

Tsarin daga gaba zuwa baya haka yake: gilas ko roba mai tare hasken rana mai lahani, na ƙwarai yana tare kashi 99 cikin ɗari, sai kwali mai taga wanda ba shi da asid, sai hoton, sai wani kwalin mara asid a bayansa, sannan marfin baya. Kwalin mai taga ba ado ba ne kawai, shi ke hana takardar taɓa gilas, in ta taɓa laima ta shiga sai ta manne. Ka sa a yanka tagar ta bar sa hannun da lambar duk a fili. Riƙe hoton kuma da 'yan aljihunan kusurwa na roba mai tsabta ake yi, a zura kusurwoyin ciki ba tare da wani abu mai danƙo ya taɓa shi ba, a bar masa ɗan sarari don takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu.

Kwali mara asid da aljihunan nan ba ko'ina ake samu ba, dabara ita ce ka yi odarsu tare da hoton, kafinta ko mai firam na gida ya yi maka katakon kawai. Bayan an rufe a bi bayan firam ɗin da tef a toshe duk wata kafa saboda ƙurar hunturu da ƙwari. Satifiket kada ya shiga ciki, a ajiye shi daban.

11. Wurin ratayewa da kulawa

Ka zaɓi bangon cikin gida wanda rana ba ta dukansa ko da na awa ɗaya ne, ba wanda bayansa waje ne ko banɗaki ba, don irin wannan yana tsatsafo da ruwa da damina. Nesa da kicin, nesa da inda ake sa turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi, kada kuma ya zauna daidai bakin iyakwandishan. Ka manna 'yan robobi a kusurwoyin baya na ƙasa don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango. In za ka goge gilas ka fesa a tsumma, ba a jikin gilas ba, ruwan yana gangarawa ya shige ta ƙasa.

Wanda ba ka sa wa firam ba ka ajiye shi a kwance cikin jakar takarda mara asid, a saman kabad ba a ƙasa ba saboda gara, da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko magani. Kada ya shekara a naɗe cikin bututu.

Ƙarshen kowace damina ka sauke shi ka duba bayansa da gefen kwalin, ko akwai fumfuna ko kashin kyankyaso ko hanyar gara. In ka ga ɗigo mai launin ruwan ƙasa ya fara fitowa ka cire shi daga firam ka bar shi ya sha iska a inuwa a busasshen ɗaki, ka canza kwalin. Kada ka sa haifo ko sabulu, kada kuma ka kai roba mai goge fensir kusa da gefen ƙasa, shafa ɗaya ta isa ta ɗauke rabin sunan matuƙin. Tabon da ya riga ya kama, masu gyaran tsofaffin takardu ne kawai ke iya rage shi, irin waɗanda ke aiki da gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu, ka nemi ɗaya ka tura masa hoto ya faɗa maka kuɗin kafin ka yanke ko aikin ya cancanta.